Shekarar da Na Hana Taba a Rumfar Kifinmu

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe ne, wata ranar Alhamis, a ɗakin likita nan Nguru. Mu huɗu ne a ciki: likitan, da yayana Hamisu, da matarsa Hajiya Asabe, da ni. Shekarar ita ce wadda wayar salula ta fara yawa a hannun 'yan kasuwa. A ɗakin nan maganar hana shan taba a rumfarmu ta samo asali. Ku 'ya'yana da 'ya'yan yayana, na san abin da kuke faɗa in kun haɗu da Sallah. Wasunku su ce tsananina ne ya kori mutanen kogi daga gidanmu, wasu su ce a rediyo na ji Turawa sun yi na kwaikwaya. Zan jera muku abin yadda ya zo, na gaba a gaba, na baya a baya, sannan kowa ya yi hukuncinsa.

Likitan ya ɗaga hoton ƙirjin Yaya ya haska shi a taga. Ya daɗe yana dubawa kafin ya juyo.

"Alhaji, kara nawa kake sha a rana?"

Yaya ya yi dariya har tarin ya taso masa. Da ya lafa ya ce, "Likita, ko goro sai an matsa mini. Taba kam ban taɓa sa ta a bakina ba."

"Gaskiyarsa ne, ba ya sha," in ji Hajiya Asabe. "Rigarsa ce take sha. Ni nake wanke ta, na sani."

Likitan bai yi dariya ba. Ya tambayi sana'ar Yaya, da inda yake zama, da waɗanda yake zama da su. Da aka gaya masa sai ya ce huhun ya gaji, magani zai rage wahala amma ba zai mayar da shi sabo ba, kuma in ana son ya ƙara jimawa tare da mu to kada ya sake yini cikin hayaƙi. Muka yi godiya muka fito. Amma tun daga bakin asibiti har gida tambaya ɗaya take yawo a kaina: yaya za a yi mutum ya kamu da ciwon abin da wani ya sha?

Dole in bayyana muku aikin, don yawancinku kun tashi bayan komai ya canja. Mahaifinmu ya zo daga Haɗeja ya zama fatoman kifi a kasuwar Nguru. Fatoma shi ne mai masaukin masunta. Shi zai sauke su, ya ciyar da su, ya tsaya tsakaninsu da masu saye da suke zuwa daga Kano da Kudu neman kifin banda. Da ya rasu sai muka raba aikin ni da Yaya ba tare da mun zauna mun raba ba. Ni ne na masauki, da ɗaurin kaya, da lodi. Yaya shi ne na baki, shi yake zama a tsakiyar rumfa a yi ciniki a gabansa.

Kowane ƙauye na bakin kogi yana turo kifinsa ne da jagora guda, dattijon da suka yarda da shi, tare da wasu samari da za su tsaya can bakin mota suna gadin kwanduna. Kifin ba na jagora ba ne shi kaɗai, na gidaje ne da yawa, don haka ba ya taɓa cewa "na sallama" da bakinsa. Zai zauna da karan sigari saƙale a bayan kunne, ana tayawa yana girgiza kai. In tayin ya kai inda ransa ya kwanta, sai ya zare karan ya sa a baki, ya yi shiru. Daga nan magana ta koma hannun fatoma. In fatoma ya ga kasuwar ranar za ta iya ba da ƙari, ba zai motsa ba, a ci gaba da ja. In ya ga nan ne iyakarta, sai ya ƙyasta ashana ya kunna masa da hannunsa. Samarin da suke bakin mota da sun hangi hayaƙi sun san an gama, su fara sauke kaya. In jagora ya koma gida wani ya yi ƙorafin farashi, amsar ɗaya ce: "Fatoma ya kunna." Daga nan magana ta mutu, domin mutum biyu ne suka ɗauki nauyin, kuma ɗayansu shi ne ya san kasuwa. Haka muka tarar, ban san wanda ya fara ba. Kuma da jagora ya kunna, sai mai saye ya kunna nasa, 'yan dako su kunna, direba ya kunna. Rumfar kwano ce mai gajeren kai, gefenta a rufe da tabarmi saboda rana. Yaya ya fi shekara talatin a tsakiyarta, ashana a aljihun gabansa.

Ni ba na yanke hukunci a kan abin da ban fahimta ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya tambaya, saboda haka na bi ta wuri huɗu.

Na farko, na koma wurin likitan ni kaɗai. Na ce masa hayaƙin da ya riga ya shiga cikin wani ya fito, me ya rage a cikinsa da zai cuci na kusa? Ya ce in lura, kara yana ci yana hayaƙi ta bakin wutar ko ba a zuƙa ba, kuma wannan bai bi ta cikin kowa ba, kai tsaye yake zuwa hancin na kusa. Shekara nawa ina ganin ana shan taba ban taɓa lura da wannan ba. Na tambaye shi hayaƙin banda fa, tunda Yaya yana yaro ya yi aiki a wurin gashin kifi. Ya ce shi ma yana illa, kuma ba zai iya tsaga huhun ya ce nan na taba ne nan na banda ba. Na ji daɗin da bai yi mini ƙarya ba, amma na fito da rabin amsa. Na biyu, na je wurin limaminmu. Ya ce malamai sun saɓa a kan tabar kanta, wasu sun ce makaruhi wasu sun ce haramun, amma cutar da wanda yake kusa da kai babu saɓani a kanta. Sai ya tambaye ni ko na tabbata daga nan cutar ta zo. Na ce ban tabbata ba. Na uku, rediyo. A lokacin ana ta labarin wasu ƙasashen Turai da suke hana shan taba a gidajen abinci da gidajen giya. Masu gidajen suna kukan ciniki zai gudu, mashaya suna cewa an taɓa 'yancinsu, ma'aikatan wurin kuma suna cewa su ne suke yini suna shaƙar abin da ba su saya ba. Na riƙa kasa kunne sosai, domin in ka cire giyar, maganarmu ce sak. Wani maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati ya ce mini ai mu ma tun zamanin soja akwai dokar hana sha a mota da asibiti da makaranta. Ni dai ban taɓa ganin wanda aka kama ba. Na huɗu, na tambayi masu shan da kansu, ɗaya bayan ɗaya, me suke samu a ciki. Masunci ya ce sanyin ruwan asuba. Wani ya ce sauro. Direba ya ce barci, ɗan dako ya ce tana danne yunwa. Abin da ya ba ni mamaki, ko mutum ɗaya bai ce mini don daɗi yake sha ba.

A gida kuwa magana ta kasu. Yaya yana zaune a zaure tun da aka hana shi kasuwa, duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya tambaye shi yadda aka sayar da tarwaɗa. Abinci ya rage ci. Hajiya Asabe ta same ni ta ce, "Ƙanina, zaman nan zai kashe shi kafin tarin. Amma in dai da taba a rumfar nan, ba zai koma ba, ko da kuwa zan kwanta a bakin ƙofa ne." Matata, mahaifiyar wasunku, Allah ya jiƙanta, ra'ayinta daban. Ta ce da rumfar nan ake ciyar da gida biyu, in na kori baƙi saboda Yaya, shi zai fara jin kunya. Da ta ga na riga na karkata sai ta ce, "To kada ka buɗe baki a kasuwa sai ka je ka ga Baba Saleh."

Baba Saleh mutumin Bade ne, jagoran wani ƙauye a bakin kogi bayan Gashuwa, kuma duk cikin jagororin da suke sauka wurinmu shi ne babba. Sa'an Yaya ne. Tun suna samari suke tsokanar juna, Yaya yana kiransa Kada, shi kuma yana kiran Yaya Ɗan tudu, wai bai iya ko wanka a kogi ba. Na shiga a-kori-kura zuwa Gashuwa, daga nan na hau babur. Na same shi a inuwa yana gyaran komar kamun kifi, can gefe mata suna juya kifi a kan banda.

"Ƙaramin fatoma," ya ce, "kifi ne ya ƙare a Nguru ka biyo shi har gida?"

Bayan gaisuwa da ruwa na jera masa maganar duka, daga ta likita har ta rediyo. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya nuna mini matan da bakinsa.

"Ka ga waccan mai jan zane? Uwargidana ce. Tun tana yarinya take cikin hayaƙin can, ga ta nan ta fi ni ƙarfi. Shi ma za ka hana?"

"Baba, wannan ba a rumfata yake ba."

"Ka ce a Turai a gidan giya aka hana. To rumfar babanku ce ta zama gidan giya, ko mu ne muka zama 'yan giyar?"

Na ce ba haka nake nufi ba, kuma za a iya neman wata alamar. A yi musabiha, ko fatoma ya miƙa goro.

"Hannu kowa yana ba kowa. Goro kuma wa zai hango shi daga bakin mota?" Ya ajiye komar. "Ka ji in gaya maka, don kai ɗaurin kaya ka sani. Wutar nan ba don ni in sha taba ake kunna ta ba, ina da ashanata. Wutar gidanku ce. In ka ɗauke ta, ni kaɗai zan dawo garin nan da farashi a wuyana, kowace mata ta tare ni ta ce na sayar da wahalar mijinta da araha."

Wannan ban taɓa auna shi haka ba, na kuma gaya masa ban taɓa ba. Can ya ce, "Ɗan tudu ya san ka zo?"

"Bai sani ba."

"Tarin da jini?"

"Babu jini. Numfashin ne ba ya kai masa."

Ya sake ɗaukar komar. Sannan ya ce, "Darbejiyar nan da take gaban rumfarku, ta wa ce?"

"Ba ta kowa ba ce, Baba. Ta Allah ce."

"To ka hana a rumfarka, ka bar wa Allah bishiyarsa."

Ku lura da wannan da kyau. Shawarar bishiya tasa ce, ba tawa ba, kuma da yardarsa na dawo Nguru.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na tsaya a bakin rumfa na faɗi abu uku. Ba shan taba a ƙarƙashin kwanon nan, ko baƙo ko ɗan gida. Mai son sha ga darbejiya, ita ba ta kowa ba ce. Wutar ciniki kuma ba a soke ta ba, ni zan riƙa fita in kunna a can. An yi surutu. Wani mai saye ya ce shi da kuɗinsa ya sayi tabarsa, kuma iska ba ta da mai ita. Na ce masa iskar waje ba ta da mai ita, ta cikin rumfa kuwa mahaifina ne ya yi mata rufi. 'Yan dako suka sa mini suna Gwamna. Matan da suke tsintar kifi a bayan rumfa kuwa, daga baya ɗayarsu ta ce mini yau ne karo na farko da ta koma gida kanta ba ya ciwo. Sauran fatomomi suka zuba ido, wasu suna jiran in faɗi su kwashe baƙina.

Yaya ya dawo kujerarsa. Zan faɗi gaskiya biyu a nan, kuma kada ku ɗauki ɗaya ku bar ɗaya. Ta farko, tarin ya ragu. Yana iya yin sallar Azahar a tsaye, abin da ya gagare shi a baya. Ta biyu ita ce wadda ban hango ba. Na ɗauka mutane za su yi ciniki a rumfa, sai in an zo ƙarshe su fita a kunna. Ba haka aka yi ba. Jagora ba zai tashi daga zaune ya nufi bishiya ba, don tashin nan kaɗai ya gaya wa mai saye cewa ya yarda. Saboda haka tun daga farko sai su shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar. Mai saye ya bi su can. Mai shayi ya matso da teburinsa can. Hira da gardama da tsokana duk suka koma can. Ni da ban iya baki ba na zama mai ashana, Yaya da ya iya ya zauna cikin iska mai kyau shi da kwanduna. Baba Saleh in ya zo yakan fara shiga ya gaishe shi, su taɓa tsokana, sannan ya fita wurin aiki. Ina daga waje ina ganin Yaya ya karkato kunne yana ƙoƙarin jin tayin da ake yi. Wani lokaci ya aiko a gaya mini kada in kunna tukuna, kuma yawanci shi ne da gaskiya.

Haka muka ci rani. Wata ranar kasuwa cikin bazara Baba Saleh ya kawo kaya masu yawa, na kusan duk ƙauyensu, don ruwa ya ja baya an yi kamu sosai. Mai sayen wani ɗan Kudu ne da ya daɗe yana hulɗa da mu. Muna gindin bishiya mu uku, samarin Baba Saleh suna can nesa bakin mota kamar kullum. An daɗe ana ja. Ana cikin haka sai na ji ƙarar kujera a ƙasa. Na waiga, ga Yaya yana jan kujerarsa da hannu ɗaya, yana tsayawa yana numfashi, har ya iso ya ajiye ta kusa da Baba Saleh.

"Yaya, nan ba wurinka ba ne," na ce.

"Kai ka ce bishiyar ba ta kowa ba ce."

"Ɗan tudu," in ji Baba Saleh, "wa ya sako ka? Ko Asabe ta yi tafiya?"

"Na zo in ga yadda ake cutar Kada ne a tudu."

Waɗanda suke shan taba a kusa suka ɗan ja baya da kansu. Yaya ya shiga cinikin kamar bai taɓa bari ba. Ya tsokani mai sayen, ya ɗaga kifi ya karya ya nuna masa cikinsa, ya sa shi ya ƙara har sau biyu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun kafin asibiti. Da tayin ya kai wani wuri sai Baba Saleh ya zare karan daga bayan kunne ya sa a baki. Ashanar tana hannuna. Yaya ya miƙo hannu.

"Ba ni. Aikina ne."

Kuna iya cewa da na hana shi. Ni ban taso a gidan da ƙane yake hana wansa abu a gaban baƙi ba. Na ba shi. Ya zaro tsinke ya ƙyasta, bai kama ba. Ya sake, hannun yana rawa, tsinken ya karye. Kafin ya zaro na uku tarin ya kama shi, irin mai naɗe mutum, har hularsa ta faɗi. Ya ɗago, idonsa ya yi ja, yana neman numfashi, amma bai saki kwalin ashanar ba, yana ta ƙoƙarin matsowa kusa da bakin abokinsa. Na ga Baba Saleh yana kallonsa. Sai ya cire karan daga bakinsa ya sa a aljihu, ya juya wurin mai sayen.

"Na sallama," ya ce.

Mai sayen da kansa ya dube ni, don ya san ba a yin haka. Yaya da ya samu numfashi ya ce, "Kada, hannuna ka raina?"

"Tabar ce ta jiƙe da gumi, Ɗan tudu. Ko ka kunna ba za ta kama ba. Tashi in kai ka inuwar kwano, tsoho."

Ya ɗauki kujerar da kansa ya mayar rumfa. Sannan ya taka har bakin mota ya ce wa samarinsa su sauke kaya, ya sallama. Su ba su ga hannun Yaya ba, ba su ji tarin ba. Abin da suka sani shi ne hayaƙi bai tashi ba.

Farashin ranar mai kyau ne, na tsaya a kan wannan, kuma Yaya ya riga ya yarda da shi tunda ya karɓi ashana. Amma kasuwa ba ta da alkawari. Makon da ya biyo baya kifi ya yi ƙaranci, masu saye suka yi yawa, ya tashi sosai. Labari ya kai ƙauyensu. Aka tambayi samarin ko fatoma ya kunna, suka ce bai kunna ba, Baba ne ya sallama da bakinsa. Ba a yi masa taro ba, ba a zage shi ba. Kawai da aka tashi turo kaya na gaba sai aka ba wani jagorancin. Sabon jagoran ya ce ba zai sauka gidan da babu tabbacin wuta ba, ya kai su wurin wani fatoma. Wasu ƙauyukan suka bi su. Wannan ita ce asarar da kuke jin labarinta, kuma ba ƙarama ba ce. Da damina sai da muka sallami rabin 'yan dakonmu.

Da na ji abin da aka yi wa Baba Saleh na sake komawa Gashuwa. Na same shi a inuwar nan dai. Na ce ya tara mini dattawan garin, zan faɗa a gabansu cewa ashana tana hannun fatoma, an ƙyasta har sau biyu, cinikin a wuyan gidanmu yake.

"Sai su ce to me ya hana ta kama?" ya ce.

"Sai in faɗa musu abin da ya faru."

"Ƙaramin fatoma, har yanzu ɗaurin kaya ka sani. Yanzu cewa suke na tsufa na yi gaggawa. Wannan kowa yana yi. In ka faɗa musu, zan zama wanda aka ba amanar kifin mutane ya sa tausayin abokinsa a gaba. Wannan ba a mantawa da shi." Ya ƙara da cewa, "Kuma magana tana da ƙafa, za ta kai Nguru. Kana so Ɗan tudu ya ji cewa tarinsa ne ya sauke ni?"

Na tambaye shi abin da ya dame ni tun ranar: me ya hana shi karɓar ashanar daga hannun Yaya ya ba ni in kunna, ko ya ce a jira tarin ya wuce? Ya ce in ya ba ni, ya sauke Yaya daga aikinsa a gaban mutane. In kuma ya jira, to dole ya busa hayaƙi a fuskar mutumin da yake neman numfashi. Ya ce hanya uku ya gani, ya ɗauki wadda za ta faɗo a kansa shi kaɗai. Na dawo ban tara kowa ba.

Yaya ya ƙara ganin damina biyu. Bai sake fita gindin bishiya ba, kuma ban sani ba ko ya gane abin da ya faru. Yakan ce Kada ya yi arziki ya manta da mutane, ni kuma in yi shiru. Da ya rasu Baba Saleh ya zo ta'aziyya, ya zauna a zaure har aka yi addu'a, ya koma a ranar. Dokar rumfa ban janye ta ba, kuma da za a mayar da ni shekarar zan sake kafa ta, domin matan bayan rumfa su ma mutane ne, kuma damina biyu ba abin rainawa ba ne. Amma har yau ban san ko taba ce ta ci huhun Yaya ko banda ba, kuma ban san ko zaman da ya yi shi kaɗai cikin iska mai kyau ya fi masa gajeren zama cikin mutane ba. Na tambayi mutane da yawa, kowa da abin da yake faɗa. Yanzu ta waya ake gama ciniki tun kifi yana kan hanya, ba wanda yake jiran hayaƙi, don haka ku ba za ku gamu da wannan matsalar ba.

Baba Saleh ya rasu bara. An gaya mini tun daga shekarar cinikin nan ba a sake ba wani daga gidansa jagoranci ba, kuma in an yi gardama da 'ya'yansa a bakin ruwa har yanzu akan ce musu 'ya'yan mai saurin baki. Mutum biyun da shirun yake karewa duk sun tafi. Ko faɗar gaskiyar za ta wanke sunan gidan ko za ta ƙara ɓata shi kamar yadda ya ji tsoro, wannan ban sani ba, kuma ba ni ne zan yanke ba. Ƙafata ba ta hawa babur yanzu. Saboda haka ga abin da nake so ku yi. Biyu daga cikinku, ɗaya daga ɗakina ɗaya daga ɗakin Yaya, ku je ƙauyen ku nemi babban ɗansa. Ku gaishe shi yadda ya kamata, ku keɓe da shi shi kaɗai, ku gaya masa abin da ya faru a gindin bishiyar ba ƙari ba ragi. In ya ce a tara dattawa, ku tsaya ku faɗa da sunan gidanmu. In ya ce a bari, ku bari. Duk wanda ya zaɓa, ku dawo ku gaya mini abin da ya ce, da bakinsa yadda ya faɗa, kuma ku yi wannan kafin ruwa ya sauko ya rufe hanyar.